Harshen Gida a Gefen Girkanci: Tadmurawa da Rubutunsu na Aramiyanci

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi mutanen Tadmur, birnin fatake da ke tsakiyar hamadar Sham wanda Girkawa da Rumawa ke kira Falmira, tare da karin Aramiyancin da suka bari a jikin duwatsu tun daga shekara ta 44 kafin Miladiyya har zuwa ƙarshen ƙarni na 3. Abin da take son tabbatarwa shi ne, Tadmurawa sun riƙe harshensu a rubuce saboda sun ba shi aikin yi a majalisa da kasuwa da maƙabarta, kuma rubutun ya ɗauke ne lokacin da waɗannan ayyuka suka tsaya, alhali bakin mutane bai daina furta harshen ba.

Gabatarwa

Zan fara da wani dutsen kabari da ke nesa ƙwarai da Sham. A shekarar 1878 aka tono shi a South Shields, a bakin kogin Tyne da ke arewacin Ingila, kusa da inda ganuwar da sarkin Rum Hadiriyan ya gina ta ƙare. An sassaƙa wata mata a jikinsa tana zaune a kan kujerar saƙa. Mazari da abawa na kan cinyarta, kwandon ulu na gefen hagunta, hannunta na dama kuma yana ɗaga murfin akwatin kayan adonta. Fuskar ta farfashe. A ƙarƙashin ƙafafunta akwai layukan Latinanci da ke cewa sunanta Rajina, 'yar ƙabilar Katubelauni ce ta kudancin Birtaniya, baiwa ce da aka 'yanta aka aura, ta rasu tana da shekara 30, mijinta kuwa Barates ne mutumin Falmira.

A ƙasan Latinancin sai ga wani layi guda da ya taso daga dama zuwa hagu, da wasu baƙaƙe dabam. Ma'anarsa: Rajina, 'yantacciyar Bar'ata, kaico. Masu nazarin dutsen sun lura Latinancin yana da tuntuɓe, amma wannan layin na ƙasa hannun da ya saba ne ya zana shi.

Na daɗe ina duban hoton wannan dutse. Mutum nawa ne a wannan sansanin soja mai sanyi da hazo za su iya karanta layin nan? Ba su taka kara sun karya ba. Latinancin ya riga ya faɗi duk abin da mai wucewa ke bukata. Duk da haka Bar'ata bai ga an gama binne matarsa ba sai da aka rubuta kaico da harshen garinsu. Wannan hali ba nasa ba ne shi kaɗai. An sami rubutun Tadmuranci a birnin Rum, da Rumaniya, da Masar, da El Kantara ta Aljeriya a bakin Sahara inda maharban Tadmur suka yi wa Rumawa aikin soja, har da wani allon katako mai ɗauke da shekarar 258 da aka tsinta a cikin kogon Hoq na tsibirin Sokotara. Tambayar wannan maƙala ita ce: me ya ba wannan harshe irin wannan ƙarfi a hannun masu shi, kuma me ya sa ya yi shiru farat ɗaya?

Garin da mutanensa

Tadmur dausayi ne, kimanin kilomita 215 arewa maso gabas da Dimashƙa, kusan rabin hanya tsakanin gaɓar Bahar Rum da kogin Furatu. Rayuwarsa ta rataya ne a kan wani marmaro mai warin ƙibiritu da ake kira Efƙa. Sunan garin tsoho ne: ya fito a allunan yumɓu na Mari a ƙarni na 18 kafin Miladiyya, ya kuma sake fitowa a labarin yaƙe-yaƙen sarkin Assuriya Tiglat-Filesa na Ɗaya da Aramiyawa. Larabawan Jahiliyya da suka ga girman gine-ginensa sun ce aljanu ne suka gina wa Annabi Sulaimanu, kuma Nabigatuz Zubyani ya ambaci haka a waƙarsa.

Mutanen garin gauraye ne. Sunayensu sun nuna asalin Aramiyawa da na Larabawa da yawa, kuma sun kasu zuriya-zuriya, kowace da sunan da ke farawa da bene, wato 'ya'yan wane: Bene Komare, Bene Mattabol, Bene Ma'azin. Abubuwan bautarsu ma haka suke. Bel, wanda aka keɓe babban haikalinsa a watan Afrilun shekara ta 32, sunansa daga Babila ya zo. Ba'alshamin na mutanen Sham ne. Lata kuwa ita ce dai wadda muka sani a tarihin Larabawa kafin Musulunci. A farkon ƙarni na 1 garin ya shiga ƙarƙashin Rum, ya yi majalisa da hakimai irin na biranen Girkawa. Arzikinsa daga ayari ya fito: kayan Indiya da na Sin su sauka a bakin Tekun Fasha, Tadmurawa su hauro da su ta Furatu, su keta hamada da raƙuma zuwa kasuwannin Rum. An sami ƙyallayen siliki na ƙasar Sin a cikin kaburburansu.

A nan ne abin lura yake. Biranen Sham na zamanin Rumawa cike suke da masu jin Aramiyanci, amma in an zo rubutun hukuma a jikin dutse Girkanci suke yi. Tadmur ce ta fita zakka. Shekara da shekaru majalisarta tana sa harsuna biyu a jikin ginshiƙi ɗaya, wani lokaci ma uku in an haɗa da Latinanci.

Baƙaƙe 22

Rubutun Tadmurawa reshe ne na rubutun Aramiyancin da daular Farisa ta dā ta yi mulki da shi daga Masar har iyakar Indiya. Bayan da Iskandar ya rushe wannan daula, sai kowane yanki ya lanƙwasa baƙaƙen yadda hannunsa ya so: Yahudawa suka fitar da nasu mai kusurwa, Nabaɗawan Batra suka fitar da nasu, mutanen Hatra da na Ruha ma haka. Na Tadmur baƙaƙe 22 ne, daga dama zuwa hagu, babu wasula sai dai alif da wawu da ya'u da kan tsaya wa dogon wasali, kuma galibi ba a barin fili tsakanin kalmomi. Iri biyu ne: akwai na sassaƙa, mai kumburi da lanƙwasa kamar an zana shi da alƙalami mai faɗin baki, akwai kuma na hannu mai gudu, wanda ya yi kama ƙwarai da tsohon rubutun Suryaniyanci. Dal da ra sun yi kama har ba a rarrabe su, shi ya sa daga baya masu sassaƙa suka riƙa ɗora wa ra ɗigo a ka.

Duk wanda ya yi karatun allo zai ji wannan bayani bai yi masa baƙo ba, kuma akwai dalili. Ra'ayi mafi rinjaye a wurin masana shi ne rubutun Larabci daga na Nabaɗawa ya tsiro. Ke nan ajamin da muke rubuta Hausa da shi jikan ɗan'uwan rubutun Tadmur ne. Dangantakar ta gefe ce, ba ta tsatso kai tsaye ba, amma ta jini ce.

Lambobinsu suna da alamar ɗaya, da ta biyar, da ta goma, da ta ashirin, a jera su a tara. Shekara kuwa da lissafin Salukawa suke ƙirga ta, wanda ya fara a kakar shekara ta 312 kafin Miladiyya. Saboda Tadmurawa mutane ne masu son rubuta wata da shekara, mai nazari yana iya bin sauyin hannu da na harshe kusan shekara goma-goma. Rubutu mafi tsufa mai kwanan wata na shekara ta 269 ne a lissafinsu, wato 44 kafin Miladiyya, inda masu hidimar Bel suka kafa wa wani mutum mutum-mutumi.

Ta fuskar nahawu, Tadmuranci ya tsaya ne a tsakani, kamar yadda garin ya tsaya. Aikatau mai nuna abin da zai faru yana ɗaukar ɗafa-goshin y-, irin na tsohon Aramiyanci da na yamma, ba n- ko l- na gabas ba. Amma jam'in namiji yakan zo da siga biyu: tsohuwar -ayya, da kuma -e ta mutanen gabas, ta bakin Furatu da Dijla inda fataken garin ke yini suna kwana. Kalmomin mulki kuwa an aro su daga Girkanci ba tare da jin kunya ba: bule majalisa, demos jama'ar gari, dogma hukuncin majalisa, nomos doka. Kundin da Delbert Hillers da Eleonora Cussini suka wallafa a 1996 ya tattara rubuce-rubuce sama da 2,800, kuma abin da aka samu daga baya ya kai adadin fiye da 3,000. Kusan dukkansu a dutse ne ko a 'yan ƙananan fayafayan yumɓu da ake nunawa a ƙofa kafin a shiga walimar haikali. Takardun fata da na ciniki, waɗanda babu shakka sun fi yawa, ƙasa ta cinye.

Yadda aka sake karanta shi

Fiye da shekara 1,400 babu mai iya karanta waɗannan baƙaƙe. A 1691 wasu 'yan kasuwar Ingila mazauna Halab suka isa kangon, suka kwafo abin da suka iya, amma kwafin bai da kyan da za a dogara da shi. Sai a 1751 Robert Wood da James Dawkins suka je suka yi kwafi na tsanaki, aka buga a Landan a 1753. Shekara ɗaya bayan haka, a 1754, Jean-Jacques Barthélemy a Faris da John Swinton a Oksfod, kowa a gefensa, suka warware rubutun.

Dabarar mai sauƙin faɗa ce. Sunan mutum ba ya fassaruwa. Barthélemy ya ɗauki suna irin Sabtimiyus Worod a ɓangaren Girkanci, ya nemi inda ya kamata ya faɗo a ɓangaren da ba a sani ba, ya fitar da baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, sai ga harshe ya bayyana ɗan'uwan Suryaniyanci da Ibrananci. Wannan shi ne karo na farko da aka farfaɗo da mataccen rubutu, shekara 68 kafin Champollion ya buɗe na Fir'aunonin Masar a 1822. Mabuɗin kuwa Tadmurawa da kansu suka bar shi a bakin ƙofa, da suka ƙi yarda Girkanci ya tsaya shi kaɗai.

Dutsen haraji na shekarar 137

In ana son a ga harshen yana aiki, a nan za a tsaya. A 1881 wani basaraken Rasha, Abamelek-Lazarev, ya gano wani falalen dutse mai faɗin kusan mita 5 a kusa da dandalin kasuwar garin. A 1901 Sarkin Musulmin Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya ba Rasha shi kyauta, aka yanka shi gida-gida aka ɗauke, yanzu yana gidan tarihi na Hermitage. Shi ne rubutun Tadmuranci mafi tsawo da ke hannu, kuma ba labarin sarki ko na yaƙi ba ne. Jadawalin haraji ne.

Gabatarwarsa ta ce majalisa ta zauna ranar 18 ga watan Nisan na shekara ta 448, wato Afrilun 137. Dalilin zaman shi ne, kaya da yawa ba su cikin tsohuwar doka, ana karɓar kuɗinsu ne bisa al'ada, wannan kuwa yakan jawo rigima tsakanin 'yan kasuwa da 'yan kwangilar haraji. Sai aka yanke a rubuta komai a kafa a bainar jama'a, daura da haikalin Rab'asire. Layin da ya ambaci rigimar abin sha'awa ne ga mai nazarin harshe, domin a cikinsa kalmar 'yan kasuwa ta zo da jam'in gabas, taggare, ta masu karɓar haraji kuma ta zo da tsohon jam'i, maksayya. Siga biyu a numfashi ɗaya. Kalmar taggara ɗin nan 'yar'uwar tajir ce ta Larabci, wadda ta iso mana ta zama attajiri. Kuɗin da ake lissafi da shi kuma dinari ne na Rumawa, kalmar da ta bi ta Larabci ta zama zinariya a bakinmu.

Ga kaɗan daga abin da ke ciki. Bawa in an shigo da shi, dinari 22. Kayan raƙumi na busassun kaya, dinari 3. Man ƙamshi in yana cikin kwalaben dutse, kayan raƙumi dinari 25 a shiga, 13 a fita. In kuwa a salkar akuya aka zubo shi, 13 a shiga, 7 a fita. Amalanke ɗaya a lissafa ta a matsayin kayan raƙumi 4. Raƙumin da ya shigo ba kaya ma sai an biya masa dinari 1. Mai shagon dukanci dinari 1 a wata. Amfani da ruwan maremarin gari, dinari 800 a shekara. An yi maganar gishiri, da kiwo, da fatu, da mahauta, har an fayyace cewa mushen da aka yar ba a biya masa komai, kuma wanda ya kai abinci ƙauyukan gari ko ya kawo daga can ba a taɓa shi. Domin kafa hujja an jawo tsofaffin hukunce-hukuncen manyan Rumawa, irin su wasiƙar Jamanikus da ta Korbulo.

Abu biyu nake so a riƙe. Na farko, babu siliki ko barkono ko lu'ulu'u a jadawalin. Waɗannan manyan kaya hukumar Rum ce ke karɓar rubu'in ƙimarsu a kan iyaka. Wannan dutse na cinikin yau da gobe ne, na mai jaki da mai salka da mahauci. Na biyu, Girkancin da ke jikinsa ya wadatar ta fuskar doka. Sassaƙa ɗaruruwan layuka sau biyu kuɗi ne da wahala. Majalisar da ta biya wannan kuɗi ta san wanda zai tsaya a gaban dutsen yana jayayya da mai haraji, ta kuma san da wane harshe zai yi jayayyar. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa Aramiyancin Tadmur ado ne kawai na tunawa da kakanni. Ba a yin ado da farashin mushe.

Madugai a kan ginshiƙai

Babban titin garin ya haura kilomita ɗaya, ginshiƙai a dama da hagu, kuma a tsakiyar kowane ginshiƙi an fitar da ɗan dakali inda ake ɗora mutum-mutumin tagulla na wanda gari ya karrama. Tagullar an narkar da ita tun tuni. Rubutun da ke ƙarƙashi ne ya rage, kuma daga gare shi muka san yadda fataucin yake tafiya. Ayari sunansa shayarta, dangin kalmar sayyara da ta zo da ma'anar ayari a Suratu Yusuf. Shugabansa rab shayarta, wato madugu. An ambaci zangunansu: Bologesiyas a kan Furatu, da Forat da Karaks a kusa da bakin teku. So'adu ɗan Belyada an kafa masa mutum-mutumi 4 a shekarar 132 saboda ya kuɓutar da ayarin da ya taso daga Bologesiyas daga babban haɗari. Markus Ulfiyus Yarhai, a wajajen 157 zuwa 159, fatake sun yi ta karrama shi, har da waɗanda suka dawo ta jirgin ruwa daga bakin kogin Sindu. Ogailu ɗan Makkai kuma an yaba masa a 199 saboda yaƙar 'yan fashin hamada.

In aka jera harsunan biyu gefe da gefe, sai a ga ɓangaren Aramiyancin ba fassarar kalma da kalma ba ce. Girkancin yana farawa da masu karramawa, majalisa da jama'a, kamar yadda ake yi a Atina ko Afisa. Aramiyancin kuwa da abin da ido ke gani yake farawa: wannan siffar wane ce, ɗan wane, ɗan wane, wadda su wane suka kafa masa don girmama shi, a wata kaza, shekara kaza. Sau da yawa jerin kakanni ya fi tsawo a nan. Watan da Girkanci ya kira da sunan Makidoniyawa, Aramiyanci sai ya kira shi Nisan ko Ab ko Elul ko Adar, sunayen da har gobe ake ji a kalandar mutanen Sham. Ba'alshamin ya zama Zus a ɗaya ɓangaren, Lata ta zama Atina. Mutum ɗaya ma yakan ɗauki suna biyu: Wahballat, wato kyautar Lata, shi ne Atenodoros, kyautar Atina. Ke nan akwai magatakarda da suka gaji salon rubutu na kansu, da ƙa'idojinsa, suka kuma koyar da shi daga hannu zuwa hannu. Harshe ba ya samun irin wannan tsayayyen salo sai yana da makaranta da masu cin abinci da shi.

Gidan dawwama

A maƙabarta Girkanci yakan ja da baya. Manyan iyalai sun gina hasumiyoyi masu hawa-hawa don matattunsu, irin ta Atenatan ta shekara ta 9 kafin Miladiyya, da ta Yamliku ta 83, da ta Elahbel ta 103, daga baya kuma suka koma haƙa ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Sunan kabari a wurinsu bet alma, gidan dawwama. Kowace gawa ana tura ta cikin rami a bango, a toshe bakin da allon dutse mai siffar mamacin daga ƙirji zuwa kai. Aikin da Rubina Raja ta jagoranta a jami'ar Aarhus ta Danmak tun 2012 ya tattara irin waɗannan siffofi fiye da 3,700. Matan na sanye da mayafi da rawani da sarƙoƙi, wasu riƙe da mazari ko mabuɗi, idanuwa manya suna kallon gaba. A bayan kafaɗa, a ɗan filin da ya rage, sai suna da sunan uba da kalma guda, habal. Ita ce kaicon da Bar'ata ya kai har Ingila. Mafi yawan waɗannan da Aramiyanci kaɗai aka rubuta su.

A ƙofofin kaburburan akwai kuma rubutun ciniki: wane ya sallama wa wane rami kaza a ɓangaren dama, nasa ne da 'ya'yansa har abada. Cussini ta nuna cewa waɗannan guntaye ne da aka tsakuro daga cikakkun takardun shari'a, kuma mata na fitowa a ciki suna saye suna sayarwa da sunansu. Ashe Aramiyancin Tadmur harshen alƙali ne da shaidu, ba na kuka kaɗai ba.

Wani abu kuma da ba na iya wucewa ban ambata ba. Daga farkon ƙarni na 2 aka fara samun ɗaruruwan ƙananan bagadai da aka keɓe wa wani abin bauta da ba a faɗin sunansa. Ana kiransa mai albarkar suna har abada, nagari, rahmana, kuma masu keɓewar sukan ce sun kira shi cikin ƙunci ya amsa musu. Tadmurawa masu bautar alloli da yawa ne, bai kamata a ɗora wa wannan kalma abin da ba ta ɗauka ba. Amma ga mai nazarin tarihin kalmomi, ganin tushen r-h-m a wannan siga a hamadar Sham, ƙarnuka kafin ya bayyana a rubuce-rubucen masu kaɗaita Allah na Yaman, abu ne da ya cancanci maƙala tasa ta kansa.

Yadda rubutun ya ɗauke

A shekarar 260 sarkin Farisa Shafur na Ɗaya ya kama sarkin Rum Baleriyan da ransa. Wanda ya tare gabas ya hana ta wargajewa shi ne Uzainatu, shugaban Tadmur, wanda ya kori Farisawa har ƙofar babban birninsu. An kashe shi a wajajen 267, mulki ya koma hannun matarsa a madadin ƙaramin ɗansu Wahballat. Girkawa na kiranta Zanubiya, Larabawa suka riƙe labarinta da sunan Zabba'u, amma a harshen garinsu sunanta Bat-Zabbai. A 270 rundunarta ta ci Masar. A watan Agustan 271 manyan kwamandojinta biyu, Zabda da Zabbai, suka kafa mata mutum-mutumi ita da marigayi mijinta a babban titi, rubutun ya kira shi sarkin sarakuna, ita kuma sarauniya. Ko a wannan ƙololuwa, da suke neman gadon sarautar Rum kanta, ba su ajiye Aramiyanci ba. A 272 sarkin Rum Aureliyan ya ci su da yaƙi ya kama ta, a 273 garin ya sake tayarwa, sojoji suka wasashe shi.

Bayan wannan, rubutun Tadmuranci mai kwanan wata bai ƙara shekara goma ba. Garin bai mutu ba. An mai da shi sansanin soja a zamanin sarki Diyokiletiyan, da rubutun Latinanci a ƙofa. Ya yi majami'u da bishop, Kiristocinsa suna rubutun kabari da Girkanci. Halidu ɗan Walidu ya karɓe shi a 634, cikin haikalin Bel ya zama masallaci, mutane kuma suka ci gaba da zama a harabarsa har wajajen 1930. Aramiyanci ma bai bar Sham ba: ana jin wani karinsa har yau a Ma'alula da Jubb'adin. Abin da ya mutu a 273 shi ne ayarin da ke kawo kuɗi, da majalisar da ke yanke hukunci da harsuna biyu, da iyalan da ke gina hasumiya, da magatakarda da masassaƙan da waɗannan ke ciyarwa. Da masu ba rubutun aiki suka watse, ba a yi tsara biyu ba aka rasa mai koya wa yaro baƙaƙen.

A zamaninmu an sake yi wa abin da ya rage ɓarna. UNESCO ta sa Tadmur cikin kayan tarihin duniya a 1980. A watan Mayun 2015 ƙungiyar ISIS ta kama garin. Ranar 18 ga Agusta suka kashe Khalid al-As'ad, ɗan garin, dattijo mai shekara sama da 80, wanda ya shugabanci hukumar kayan tarihin Tadmur na tsawon shekara 40, ya kuma iya karanta Tadmuranci ya wallafa rubuce-rubucensa da dama. Cikin makonni kaɗan suka tarwatsa haikalin Ba'alshamin, da na Bel, da hasumiyar Elahbel. A jikin wani ginshiƙi na shirayin Ba'alshamin akwai rubutu da harsuna biyu na wajajen 131, da ke yaba wa Male Agiriba, magatakardan majalisa, saboda ya ba mutanen gari da baƙi da sojoji mai a lokacin ziyarar Hadiriyan, ya kuma gina haikalin da kuɗinsa. Yau mai son karanta shi sai ya koma ga kwafin da masana suka yi, da hotuna da zane-zanen da Paul Collart ya ɗauka lokacin haƙar 1954 zuwa 1956, waɗanda ke ajiye a jami'ar Lozan ta Suwizalan. Tun 2014 baƙaƙen sun shiga tsarin Unicode, ana iya buga su a kwamfuta daga dama zuwa hagu, kamar yadda aka zana su a ƙarƙashin ƙafafun Rajina.